Ɗakin Ƙarshe a Hawa na Uku

Ku 'ya'yan Rahinatu, na san abin da kuka ji game da ni, don a unguwarmu ta Aboabo, nan Kumasi, magana ba ta mutuwa, tsufa kawai take yi. Kun ji an ce kakarku ta taɓa ajiye dodo a ɗaki, kun kuma ji an ce na daɗe ba na yi wa uwarku magana. Na biyun gaskiya ne. Na farkon kuwa, gara ku ji shi daga bakina tun ina da sauran haƙora, kada ku tsince shi a bakin famfo wajen waɗanda ba su hau benen ba ranar.

Kakanku Alhaji Issaka dillalin shanu ne, kuma duk abin da ya samu a kara, a bulo da siminti ya zuba shi. Ya bar mana gidan bene mai hawa uku da koriyar ƙofa, ɗakuna a jere kamar haƙoran mataji, cike da 'yan haya: Dagomba, Mosi, Zabarmawa, har da wata Asante mai sayar da atamfa. Famfo ɗaya ne a tsakar gida, saboda haka kullum safe akwai shari'ar bokiti, kuma ni ce alƙaliya. Ina zaune a hawa na uku. Tun da gwiwata ta fara gardama na daina sauka sai dole, na shimfiɗa tabarma a baranda da butata da ƙoƙon goro, yaran gida suna hawowa ina ba su alewa. A ƙarshen barandar nan akwai ɗaki guda da kwaɗo a ƙofarsa. Ɗakin kawunku Awudu ne, wanda ba ku sani ba.

Awudu shi ne yayan uwarku, kuma tun yana ƙarami hannunsa ba ya zama. Gawayi, alli, biro, ragowar fentin makwabta, duk abin da ya samu sai ya yi zane da shi, kuma ba ya zana mutum ko mota kamar sauran yara, sai dodanni. Akwai mai ƙaho ɗaya da idon akuya, akwai mai kunnen jemage da yake goye da tukunya, akwai wani dogo da ya ce shi ne yake shanye ruwan famfo idan an ɗauke. Ya cika bangon ɗakinsa da su tun daga ƙasa har inda tsayinsa ya kai, da ya ƙara tsawo suka ƙara hawa. Uwarku ita ce mai raɗa musu suna. Na yi faɗa har na gaji, ubansu ya yi bulala har ya gaji, muka bar su. Ya zama saurayi yana koyon gyaran babur, wata safiya ya fita gwada babur ɗin wani a hanyar Krofrom, aka dawo mana da shi a lulluɓe. Bayan an yi sadakar arba'in na sa wa ɗakin kwaɗo. Kowace Jumma'a da hantsi nakan shiga ni kaɗai in share, in kaɗe katifarsa, in zauna ina kallon bangon, in fito da jajayen idanu. An sha zuwa neman hayar ɗakin, ina cewa babu. A unguwar da magidanta suke kwana a kiyos, 'yan shagunan katakon bakin titi, ɗaki a kulle zagi ne, kuma na san ana yi da ni. Ban damu ba, don a lokacin tsegumi ne kawai.

Uwarku ta tafi Accra ta koyi zane a kwamfuta, ta haɗu da wasu samari da 'yan mata suna ƙirƙirar wasan waya. Ku kun fi ni sanin irinsa: mutum yana yawo cikin gari da daji yana kama dodanni yana zubawa a gora, yana renonsu, yana haɗa su kokawa da na wasu. Wata rana ta kira ni murya cike da murna.

"Mma, wasanmu ya fito. Na sa gidanmu a ciki, na sa ki ke ma."

"Ni kuma? Me zan yi a cikin waya, da tsufana?"

"Kina zaune a sama da butarki. Kowa sai ya zo ya gaishe ki."

Na yi dariya, na sa mata albarka, na koma tsintar shinkafata. Ban tambaye ta me ake samu bayan gaisuwar ba.

Abin da ta yi shi ne, ta zana gidan nan kamar ta ɗauke shi hoto. Koriyar ƙofa, famfo da layin bokiti, matakalar da ta gutsure a hawa na biyu, tsohuwa mai shuɗin mayafi a baranda. Idan mai wasa ya hau har sama ya miƙa wa tsohuwar goro, sai ta tashi ta buɗe masa ɗakin ƙarshe, a ciki ya sami dodo mai ƙaho ɗaya, wanda babu irinsa a duk wasan. Ita a zuciyarta girmama yayanta ta yi, ta fito da zanensa duniya ta gani. Ta manta cewa mutanen Accra da na ƙasashen waje za su ga wasa ne, mutanen Aboabo kuwa za su ga gidan Alhaji Issaka.

Da farko abin ya ba ni dariya. Yaran da ban sani ba suka fara hawowa, daga Ashanti New Town ma, su tsaya a bakin matakala suna duba waya suna duba ni. Wani mai ƙarfin hali ya ajiye goro a gabana.

"Mma, ga goro. Buɗe mu ga abin."

Na kore su da muciya, suka gudu suna shewa. Amma ba a jima ba dariyar ta sauya kama. Yaran gida suka daina hawowa karɓar alewa. Na ji wata uwa a ƙasa tana dukan ɗanta tana tambayarsa me na ba shi ya ci. Mai kokon da nake aika wa kwano tun kafin a haifi uwarku ta ce a ajiye kwanon a ƙasa, ba za ta karɓa hannu da hannu ba. Idan na leƙa tsakar gida, hira takan yanke. Manya da ba su taɓa wasan waya ba suka riƙa karɓar wayar 'ya'yansu suna kallo, kuma maganar da suka tsayar ita ce: 'yar cikinta ce ta zana, wa ya fi ta sanin abin da ke ɗakin? Aka tuno cewa Alhaji ya gina bene da wuri. Aka tuno cewa ɗana ya mutu yana saurayi. Aka haɗa biyun aka sami amsar da ake so.

Ku yaran yanzu ba ku san nauyin kalmar mayya ba. Ni na sani. Ina yarinya a arewa, kafin a kawo ni Kumasi, na ga an fito da ƙanwar kakata daga ɗakinta da rana tsaka saboda jaririn makwabta ya rasu. Mutanen da ta yi wa wankan jego ne a gaba. Ban ga ƙarshen abin ba, an rufe mini ido da zane, amma na ji, kuma ba ta sake kwana a garin ba. Saboda haka ranar da na ji kalmar ta taso daga wajen famfo, a hankali, ba a ma ɗaga kai an dube ni ba, sai na tashi daga tabarmata. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na kasa ko ɗaura alwala.

Sai kuma Zainabu ta kwanta. 'Yar Sala ce, wata Badagomba da ke haya a hawa na biyu, mace mai kirki wadda takan taya ni wanki. Zazzaɓi ya kama yarinyar ya ƙi sauka, ta fara sambatu, kuma abin da take ta faɗa shi ne mai ƙaho ɗaya yana saukowa daga sama. Yarinyar da ta wuni tana wasan a wayar ubanta, me kuke so ta gani a mafarki? Amma wa zai tsaya ya yi wannan lissafin? Sala ta hawo da hantsi, ba sallama, ta tsaya nesa da tabarmata. Hausarta irin ta waɗanda suka koya a Zongo ce.

"Mma, yarinya na bai ci komai kuraa, ko loma ɗaya. In na yi maki laifi, ki faɗa. Ki sake shi, don Allah."

"Sala, ni ce fa. Ni na yanke mata cibiya."

"Shi ya sa na zo da roƙo. Maza ba za su zo da roƙo ba."

Ta sauka tana kuka. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan azahar Malam Tahiru, limamin masallacin layinmu, ya hawo yana haki. Abokin Alhaji ne, tsoho mai sanyin magana. Ya ce samarin unguwa sun so fasa ƙofar tun jiya, shi ya tare su, ya ce a bari sai gobe bayan la'asar, a zo da shi a gaba, in buɗe da hannuna kowa ya gani.

"Hajiya Memuna, ni na san babu komai a ciki sai kayan marigayi. Ki buɗe su leƙa su ji kunya, a wuce wurin."

Na ce to. Me zan ce? Shi bai taɓa shiga ɗakin ba. Ni kaɗai na san cewa idan ƙofar nan ta buɗe, abin da zai fara kallonsu daga bango shi ne mai ƙaho ɗaya, da idonsa na akuya, daidai da na cikin wayarsu, ga 'yan'uwansa sun kewaye shi har rufi. In na ƙi buɗewa, na amsa laifi. In na buɗe, na ba su shaida.

Na kira uwarku. Na so in yi mata magana a hankali, amma abin da ya fito ihu ne. Ta rikice, ta ce za ta hau motar safe, za ta zo ta yi musu bayani, ta nuna musu cewa zane ne na yara.

"Mma, ki yi mini alkawari ɗaya. Kada ki taɓa bangon nan. Shi kaɗai ya rage mana."

"Rahinatu, kin taɓa ganin taro? Taro ba ya da kunne."

"Ki jira ni kawai."

Ban yi mata alkawari ba, ku riƙe wannan, don ita har yau tana cewa na yi.

Da gari ya waye, bayan maza sun fita, na ɗauko ragowar farin fentin da aka shafa wa barandar da Sallah, da tsohon burushi. Na shiga na tura ƙofa. Na fara gwada ruwa da sabulu, gawayin ya fita, amma biro da fenti suka ƙi. To sai na tsoma burushin. Na fara da na ƙasa, waɗanda ya zana yana ɗan shekara biyar ko shida, masu karkatattun ƙafafu. Ina shafawa ina kiran sunayen da uwarku ta raɗa musu, ban san na haddace su ba sai ranar. Na hau kujera da wannan gwiwar tawa na shafe na sama. Duk motsin da na ji a matakala sai in ce sun zo tun kafin lokaci, za su same ni da burushi a hannu. Mai ƙaho ɗaya na bari ƙarshe. A ƙarƙashinsa akwai tambarin tafin hannun Awudu, inda ya dafa bango da jiƙaƙƙen fenti. Na ɗora nawa hannun a kai, nasa ya fi nawa girma. Sannan na shafe. Sai da na yi masa shafi uku kafin idon ya daina leƙowa.

Bayan la'asar suka zo. Tun daga sama nake jin su, ba hayaniya ba, takun sawu kawai da ƙarar ƙofar ƙarfe, kuma shirun ya fi ba ni tsoro. Malam Tahiru ne a gaba, mijin Sala a bayansa, sai samari cike da matakala har ƙasa. Na ga sanda a hannun wani, na ga wani ya ɓoye hannunsa a bayan riga. Yawancinsu na san ranar sunansu. Mabuɗin ya faɗi daga hannuna, babu wanda ya sunkuya ya ɗauko mini. Na ɗauka, na buɗe, na ja gefe.

Suka kutsa. Suka ɗaga katifa, suka zazzage akwatin kayansa a ƙasa, suka taka rigar da ya yi Sallarsa ta ƙarshe da ita. Ba su sami komai ba sai sifanu da tsofaffin takalma. Har na fara jin numfashina yana dawowa, sai mijin Sala ya shaƙi iska, ya kai yatsa ya dangwali bango. Yatsan ya fito fari. Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Fenti ɗanye ne. Yau aka shafa. Hajiya, me kika rufe?"

Wani daga baya ya ce a kankare a gani. Na ji fitsari yana neman kuɓuce mini, ni da na haifi sa'o'insu. Na dubi ƙasa ta tsakanin ƙarafan baranda, na ga nisan, na tuna ƙanwar kakata. Ban san daga ina maganar ta zo ba, bakina ne ya faɗe ta.

"Ɗaki zan bayar. Wa yake ba da ɗaki da dattin bango? Kun ce na hana mutane wurin kwana, to na gyara, ga shi nan."

Malam Tahiru ya dube ni, kuma na tabbata ya gane akwai abin da ban faɗa ba. Amma ya cafke maganar tun kafin ta faɗi ƙasa.

"Alhamdu lillahi. Ladanin masallaci yana kwana a shago tun bara. Yau zai tare a nan, ya yi karatunsa a ciki. Wanda yake da sauran magana, ya zo ya same ni."

Babu wanda ya iya cewa a kankare bangon ɗakin ladan. Suka sauka ɗaya bayan ɗaya, ba su gamsu ba, an dai rufe musu hanya ne. Kafin magariba an fitar da katifar Awudu an shigar da ta wani.

Uwarku ta iso ana cikin kwashe kayan, motarsu ta lalace a hanya. Ta wuce ni ta leƙa ɗakin, ta ga farin bango. Ta juyo, fuskarta kamar ba tata ba.

"Kin goge shi. Da hannunki kika goge Yaya."

"Ke kika buɗe ɗakinsa wa duniya ba ki tambaye ni ba. Ni na biya."

Ta kwana a wajen ƙawarta, da safe ta koma Accra. Daga nan muka shiga shirun da kuka ji labari. Ina jin haushinta, ita ma tana jin nawa, kuma kowannenmu yana da gaskiyarsa.

Kada ku ɗauka tsoron ya ƙare ranar. Zainabu tana asibiti, kuma na san raina a ɗaure yake da nata. In ta mutu, ladan ko liman babu mai tare matakalar nan. Na yi wa yarinyar nan addu'ar da ban tabbata uwarta ta yi ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, rabin addu'ar don kaina ne. Duk kukan da ya tashi a layinmu sai in miƙe in kama ƙarfen baranda, in saurara ko daga hawa na biyu ne. Na haɗa 'yan kayana a jaka na tura ƙarƙashin gado. Likitoci suka ce taifot ne, ta yi makonni, Allah ya tashi kafaɗunta. Ranar da aka dawo da ita na ji muryarta a tsakar gida tana neman ruwa, na zauna a tabarma na yi kukan da ban yi ba ranar fenti. Babu wanda ya zo ya ba ni haƙuri. Gaisuwa ce kawai ta dawo kaɗan-kaɗan, mai koko ta koma karɓar kwano a hannu, kamar ba a yi komai ba. Har yau idan na ji mutane da yawa suna hawowa lokaci guda, ko 'yan biki ne, sai na ajiye abin da ke hannuna.

Haihuwar babbarku ce ta dawo da uwarku gida, don wankan jego ba ya yiwuwa ta waya. Muna zaune a baranda wata Jumma'a da hantsi, lokacin da a da nake shiga shara, ta ga ina kallon ƙofar ɗakin, inda takalman ladan suke ajiye. Ta ce tun a wancan makon ta sauya launin ƙofar gidan a wasan, ta sauya mayafin tsohuwar, kuma in ina so za ta cire gidan gaba ɗaya. Na ce ta nuna mini tukuna, don duk abin nan da aka yi ban taɓa gani da idona ba. Ta sa wayar a hannuna, ta kama yatsana tana tura ɗan mutumin. Muka shiga, muka wuce famfo, muka hau matakalar da ta gutsure. Muka miƙa goro. Tsohuwar ta tashi, gwiwarta lafiya lau, ta buɗe.

Ashe ba dodon kaɗai ta sa ba. Bangon ne gaba ɗaya, masu karkatattun ƙafafu a ƙasa, mai goyon tukunya, mai shanye ruwan famfo, kowanne a inda yake. A ƙarƙashin mai ƙaho ɗaya, ga tafin hannun.

"In cire, Mma?"

"Ki bar shi."

Wayar da kuke gani a ƙarƙashin matashina, kuna dariya wai Kaka tana wasan yara, ita ce wannan. Ban taɓa kama dodo ko ɗaya ba, ban san yadda ake yi ba, kuma kada wanda ya koya mini. Ranar Jumma'a da hantsi nakan hau benen cikin wayar, in tsaya a tsakiyar ɗakin in daɗe. Sai dai har yanzu, ni da na haifi mai ɗakin, sai na kai wa tsohuwar goro kafin ta buɗe mini.